Zane Mai Kaushi Marar Siffa: Nazari a Kan Ayyukan Alberto Burri

Gabatarwa

Mafi yawan mutane idan an ambaci zane, abin da ke zo musu a rai shi ne hoton mutum, ko na dabba, ko na wani gari. Amma a ƙarni na 20 wasu masu fasaha a Turai da Amurka suka ɓullo da zanen da ba ya kwaikwayon siffar komai, sai launi da tsari kawai. Daga cikinsu kuma aka sami waɗanda ba su gamsu da fenti mai sulɓi ba, suka riƙa cakuɗa shi da yashi, ko kwalta, ko tsumma, har fuskar zanen ta yi tudu da kwari. Wannan maƙala za ta dubi irin wannan zane ta hanyar ayyukan Alberto Burri, mutumin Italiya, domin nuna yadda sana'ar ta sāke rayuwarsa.

Daga Likitanci Zuwa Zane

An haifi Burri a garin Città di Castello a 1915. Ya sami digirin likita a Jami'ar Perugia a 1940, sa'an nan ya yi aikin likitan soja a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1943 sojojin ƙawance suka kama shi a Tunisiya, aka kai shi sansanin fursunonin yaƙi da ke Hereford, a jihar Teksas ta Amurka. A wannan zaman kaɗaici ne ya fara zane, ba tare da ya taɓa zama gaban malamin fasaha ba. Ko da ya koma gida a 1946, ya tarar da ƙasa a rugurguje, ga ƙanensa ya mutu a fagen fama a Rasha. Sai ya jingine likitanci baki ɗaya, ya tare a birnin Rum, inda ya fara baje kolin zane-zanensa a 1947.

Kayan Aiki da Yadda Ya Sarrafa Su

Abin da ya fito da sunansa shi ne tsohon buhu. Tun daga 1950 ya riƙa tattara buhunan algarara waɗanda suka ƙoɗe suka yage, yana yi musu faci, yana ɗinke su da zare mai kauri, yana ɗaure su a jikin katako. A wani wurin yakan bar huji a buɗe, ya shafa jan fenti ko baƙi a ƙarƙashinsa. Ke nan buhun da a dā sai dai a yi zane a kansa, shi ne yanzu ya zama zanen.

Bayan buhu sai ya koma ga wuta. Ya ƙona takarda da siraran katako, ya yi waldar fallayen ƙarfe, kana a shekarun 1960 ya riƙa narka leda da harshen wuta, yana jan ta da hannu tun tana da zafi, har ta yamutse ta huje. A shekarun 1970 kuwa ya kwaɓa farar ƙasa da gam, ya shimfiɗa a kan allo, ya bar ta ta bushe ta tsattsage kamar ƙasar fadama a tsakiyar bazara. Kaurin kwaɓin da saurin bushewarsa su ke ƙayyade girman tsagar, saboda haka aikin rabi nasa ne, rabi na kayan.

Mutane da dama ba su karɓi wannan da hannu biyu ba. A 1959 har majalisar dokokin Italiya aka kai ƙorafi a kan wani babban buhunsa da aka rataye a gidan adana zane-zanen zamani na ƙasa da ke Rum, domin a ganin masu ƙorafin tsumma ba shi da gurbi a irin wannan wuri.

Saɓani a Kan Ma'ana

Manazarta da yawa sun fassara ɗinkin buhun da ɗinkin rauni, jan fentin kuma da jini, watau suna ganin likitan yaƙi ne ke ci gaba da aikinsa ta wata hanya. Shi kuwa Burri ya ƙi wannan fassara har ƙarshen rayuwarsa, yana mai cewa daidaiton tsari da kyan haɗi su ne damuwarsa. Idan aka duba da kyau, kowane ɓangare yana da abin kamawa. Wanda ya lura da yadda ya auna kowane faci, ya san ba ɓacin rai ne kawai ke jan hannunsa ba. Amma kuma da wuya a ce mutumin da ya ga yaƙi da idonsa ya zaɓi yagagge da ƙonanne bisa katari. Ai abin da ke cikin zuciya, ko baki ya ɓoye, hannu yakan tona.

Babban Aikin Gibellina

A watan Janairu na 1968 girgizar ƙasa ta rushe garin Gibellina a tsibirin Sisili, aka gina wa mutanensa sabon gari a wani wuri. Da magajin garin, Ludovico Corrao, ya gayyaci Burri, sai ya zaɓi kufai maimakon sabon garin. Aka tattara ɓaraguzan gidaje aka danne, aka lulluɓe su da farin siminti, aka bar tsagogi waɗanda da yawansu ke bin sawun tsofaffin lunguna, har mutum yana iya tafiya a cikinsu. An fara aikin a tsakiyar shekarun 1980, rashin kuɗi ya tsayar da shi a 1989, ba a ƙare ba sai 2015, shekara 20 bayan rasuwarsa a 1995. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in mita 80,000.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa a irin wannan zane kaushin kayan aiki shi ke ɗauke da saƙon da siffa ke ɗauka a sauran zane-zane. An kuma ga sauyi iri biyu: na kaya, inda abin yarwa ya zama abin adanawa, da na mutum, inda fursunan yaƙi ya fito da sabuwar sana'a. Ɗalibin adabi zai amfana da wannan misali, domin tambayar ko ma'anar aiki tana hannun mai shi ko tana hannun mai nazari, tambaya ce da ke fuskantar duk wanda ya zauna feɗe waƙa ko labari.