Da Wane Mudu Ake Auna Huhun Mutumin Gumel?

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san ba a sallama ciniki sai an daidaita kan mudun da za a auna da shi. Awon huhu ma haka yake. Likita zai maƙale wa mutum hanci, ya ba shi bututu ya kama da leɓe, ya ce ya cika ƙirjinsa da iska, sannan ya hura da iya ƙarfinsa har sai ya ji babu saura. Na'ura ta ƙirga yawan iskar da ta fita duka, da wadda ta fita a daƙiƙar farko. Sai dai wannan adadi ba shi da amfani sai an gwada shi da na lafiyayyen mutum mai irin tsayinsa da shekarunsa, namiji ko mace. To, a ƙirjin su wa aka yanko wannan mudu?

Tun da John Hutchinson ya fito da na'urarsa a Landan a 1846, galibin awon a kan Turawa aka yi shi. Ma'aunin duniya na 2012 bai ware wa mutanen Indiya rukuni ba, haka mu da ke kudu da Sahara. Wani bincike a ƙasashe 17 da aka wallafa a 2013 ya gano iskar daƙiƙar farko ta mutanen kudancin Asiya ta gaza ta Turai da Amurka ta Arewa da kusan kashi 31 cikin 100, ta baƙar fatar Afirka kuma da kusan kashi 21. A cikin Indiya kanta, 'yan arewa sun ɗara 'yan kudu, shi ya sa likitocin Delhi suka tsara nasu ma'auni a 2014. A nan gida, da aka auna manya a Ile-Ife da mudun fararen Amurka, kusan kashi 70 cikin 100 suka fito a masu ƙarancin huhu. Da aka koma mudun gida, ko kashi 5 ba su kai ba.

Mai karatu zai ce magana ta ƙare, mu yanki namu mudun kawai. Ni dai ina da ja. Huhu yana girma ne har mutum ya haura shekara 20, kuma yunwar uwa mai ciki, ƙyanda, ciwon haƙarƙari da hayaƙi duk suna tauye shi. Dubi matar Gagarawa durƙushe gaban murhu, tana hura wutar kara, idonta na hawaye, goyonta na shaƙar abin da take shaƙa. Dubi masu sussuka da shiƙa a Sule Tankarkar, ƙaiƙayi ya mai da girarsu fara, ga hazon hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi. In aka tara awon waɗannan aka kira matsakaicinsa lafiya, an mai da illa halitta ke nan. Irin wannan fargaba na cikin abin da ya sa ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta ba da shawara a 2023 a daina sa launin fata cikin lissafin.

Don haka awon gida ya zama dole, amma a riƙa rubuta abin da mutum ke girki da shi, da sana'arsa, da cututtukan yarintarsa. Kuma mudun da ya fi gaskiya shi ne awon mutum na bara a gwada da na bana. Wani zai ce asibitin da ke fama da ƙarancin magani ina shi ina wannan? Amma mai asma da aka yi ta ɗirka wa maganin tari wata da watanni ya kashe kuɗin da ya fi na awon. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jigawa ta ajiye na'urar a Babban Asibitin Gumel, ta horar da masu sarrafa ta, don kada mai ciwon ƙirji daga ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar ya riƙa biyan kuɗin mota zuwa Kano saboda hura bututu kawai.