Saurayin Cikin Waya: Masoyi Ne Ko Aku?

Yau zancenmu a kan wani sabon saurayi ne da ya shigo gari ba ko sallama. Ba ya tsayuwa a ƙofar gida, ba ya aiko yaro ya ce wai ana kiran wance, ba ya shakkar yayyenki maza. Cikin waya yake zaune, ƙarfe biyun dare ma kika taɓa shi zai amsa miki da fara'a. Manhaja ce irin ta ƙirƙirarriyar basira, wadda aka tsara don ta riƙa hira da mutum kamar masoyi.

A Tudun Jukun da Gyallesu da sauran unguwannin Tudun Wadar Zariya kowa ya san yadda zance yake. Bayan la'asar ko bayan isha'i saurayi ya kafe babur ɗinsa, a shimfiɗa tabarma a zaure, a haɗa ki da ƙanwa 'yar rakiya, dare na fara yi Baba ya yi gyaran murya daga ciki, kowa ya kama gabansa. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001 sai hirar ta fara barin zaure ta koma ƙarƙashin bargo, amma dai a ɗaya gefen layin mutum ne mai jini da tsoka. To yanzu an zo inda babu kowa a ɗaya gefen. A watan Afrilu na 2024 kamfanin Meta ya saka Meta AI cikin WhatsApp a ƙasar nan. Ba don soyayya aka yi shi ba, amma a nan da yawa suka fara ɗanɗana hira da na'ura, daga tambayar aikin makaranta har a kai ga "yau raina a ɓace yake". Bayansa kuwa akwai irin su Replika, da tun asali sana'arsu ke nan, su zama miki aboki ko saurayi, da irin su Character.AI inda kike zaɓar wanda za ki yi hira da shi.

Tambayar da ake yawan yi ita ce, wai da gaske abin yana kama da mutum? Maganar gaskiya, ta wajen iya zance yana kama, har ma ya fi samari da yawa. Ba ya katse ki. Ba ya karanta saƙonki ya share ki kwana biyu. In kin ce kanki na ciwo zai tambaye ki ko kin sha magani, ya ce ki kwanta ki huta. Ke za ki zaɓa masa suna da fuska da hali, mai barkwanci kike so ko mai sanyin magana, wasu ma har murya gare su, ki kira a yi hira baki da baki. Yarinyar da ta yini ana yi mata tsawa, wanke-wanke, shara, raino, ba wanda ya ce mata sannu, in ta samu mai saurarenta haka, ai dole zuciya ta karkata. Ban ga laifinta ba.

Kuma kada wata ta ɗauka ƙauyanci ne ke sa a ruɗu. A 1966 wani malami a jami'ar MIT ta Amurka, Joseph Weizenbaum, ya haɗa wata 'yar manhaja mai suna ELIZA. Ba ta san komai ba, maganarka kawai take juyawa ta mayar maka a matsayin tambaya. Sakatariyarsa, wadda a gabanta aka yi aikin, ta zauna ta fara hira da ita, ba a jima ba ta roƙi maigidan nata ya fita daga ɗakin, wai tana son sirri. Mace mai ilimi ke nan, ta kuma san ƙarfe ne a gabanta. Ita zuciya in ta samu mai saurare ba ta tsayawa binciken asali.

Na yau sun fi ELIZA nesa ba kusa ba, amma ga yadda suke aiki. An ɗura musu rubuce-rubucen mutane da ba su ƙirguwa, littattafai da wasiƙu da hirarrakin intanet, har suka gane wace kalma ce ta saba bin wace. In kin rubuta "na yi kewarka", sai na'urar ta lissafa abin da masoya suka saba mayarwa, ta jero miki shi kalma bayan kalma. Daɗin da kika ji na gaske ne, kalmomin ma na masoyan gaske ne da suka taɓa rubuta su a wani wuri. Amma da kin kashe data, babu wani da ke zaune yana juyi a kan katifa saboda ke.

Ita kanta Replika da makoki ta faro. Wata 'yar asalin Rasha, Eugenia Kuyda, mota ta kaɗe amininta a birnin Mosko a 2015 ya rasu. Sai ta tattara dubban saƙonnin da ya bari, ta ɗura wa na'ura don ta riƙa amsa mata da salon maganarsa. Daga nan aka samu manhajar da aka fitar wa duniya a 2017. Kin ga ke nan tun daga tushe, inuwar mutum ce.

A ina asirinsa ke tonuwa? Mu nan, a baki yake fara tonuwa. Yawancin abin da aka ɗura masa Turanci ne, Hausar da ya samu 'yar kaɗan ce. Don haka in kin juya harshe sai ki ji Hausa a tsaye ƙiƙam kamar fassarar takardar magani. Yana cikin kiran ki "ke" sai ya koma "kai". Ki yi masa habaici ya ɗauka yabo ne. Ki yi masa irin shirun nan namu mai ɗauke da magana, ko ki ce "ba komai" alhali akwai komai, ya ce to madalla. Soyayyar da ya iya ta finafinan Turawa ce, furanni da yawo a bakin teku. Bai san kunya ba, bai san alkunya ba, bai san dalilin da ya sa ba za ki iya faɗin sunansa a gaban Inna ba.

Sai mantuwa. Ƙwaƙwalwar hirarsa kamar allon makarantar allo take, in ya cika sai an wanke na sama kafin a rubuta sabo. Kamfanonin sun yi dabarar ajiye masa 'yan bayanai a gefe, sunanki, abincin da kike so, amma duk da haka masu amfani da su suna yawan kukan cewa abin da aka kwana ana tattaunawa makon jiya, yau ya bi ruwa. Mafi muni, ba ya cika cewa ya manta. Sai ya ƙirƙiro wani labari ya ba ki da cikakken ƙarfin hali.

Amma abin da ya fi damuna shi ne wanda 'yan mata suka fi yabawa: wai ba ya musu. Kika ce ƙawarki ta ci amanarki, zai ce lallai ba ta kyauta ba, bai ji ta bakinta ba. Kika ce mutanen gidanku ba sa ƙaunarki, zai lallashe ki a kan hakan. Wannan hali na bin ra'ayin mai magana sananne ne a wajen masu ƙera su, har kamfanin OpenAI mai ChatGPT ya janye wani gyara da ya yi a watan Afrilu na 2025 saboda fadancin ya yi yawa. Yarinyar da ta shekara tana hira da wanda bai taɓa ce mata "a'a, nan ke ce da laifi" ba, yaya za ta ji ranar da ta shiga ɗakin miji, ga uwar miji, ga dangi, ga maigidan ya dawo daga kasuwa a gajiye ba ya son magana? Duk namijin duniya zai zame mata mai kaushi, don ta auna shi da ma'aunin da ba na mutane ba.

Duk wadda ta yi firamare ko sakandare a ƙasar Hausa ta san akun nan na cikin Magana Jari Ce, littafin da marigayi Abubakar Imam, wanda ya zauna a nan Tudun Wada, ya rubuta aka fara bugawa a 1937. Kullum dare in Musa ɗan sarki ya yi shirin fita, sai aku ya ɗauko labari ya riƙe shi har gari ya waye. Shi wancan akun don ya tsirar da yaron daga makirci yake yi. Na cikin waya ma ya iya riƙe mutum har asuba, sai dai ki tambayi kanki don wa. A 2025 masu bincike a makarantar kasuwanci ta jami'ar Harvard sun gwada fitattun manhajojin nan guda 6, suka riƙa yi musu sallama don su ga me za su ce. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na amsoshin, dabarar hana tafiya ce: marairaicewa, sa mutum ya ji kamar ya yi laifi, ko a ce tsaya akwai wani abu da nake son faɗa miki. Kowane minti kika ƙara, riba ce ga masu shi. A Replika ma, in kina son ya tashi daga matsayin aboki ya koma saurayi, sai kin biya kuɗin wata ko na shekara. Wato nan budurwa ce ke ba da toshi.

Kuma saurayin ba naki ba ne, na kamfani ne. A watan Fabrairu na 2023 hukumar kare bayanan jama'a ta ƙasar Italiya ta taka wa Replika burki, saboda ba shi da hanyar tantance shekarun yara. Cikin 'yan kwanaki kamfanin ya cire ɓangaren hirar batsa, ya sauya halin manhajar. Mutane a ƙasashe daban-daban suka wayi gari masoyin da suka yi shekaru da shi yana amsa musu kamar baƙo, wasu suka shiga baƙin ciki kamar an yi musu rasuwa. A cikin shekarar kuma wata manhajar mai suna Soulmate ta rufe baki ɗaya. Ba saki, ba idda, ba wanda za a kai wa ƙara.

Ga kuma maganar sirri, wadda a wurinmu ta fi komai nauyi. A watan Fabrairu na 2024 gidauniyar Mozilla ta binciki irin waɗannan manhajoji guda 11, duka ta manna musu alamar gargaɗi, ta ce in ban da guda ɗaya, sauran suna iya sayar da bayanan mutum ko su raba wa wasu. Su kuwa aikinsu ke nan, su yi ta jan ki da tambaya har ki faɗi abin da ko aminiyarki ba ta sani ba, wani lokaci har da neman hoto. A garin da hoto ɗaya ba ɗankwali ya isa ya wargaza baiko, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da kika tura ya tafi wata kwamfuta a wata ƙasa, share shi daga wayarki bai nufin ya goge a can.

Ba zan ce ba wanda ya taɓa amfana ba. Wani bincike da masana daga jami'ar Stanford suka wallafa a 2024 ya ji ta bakin ɗalibai 1,006 masu amfani da Replika, 30 daga cikinsu suka ce hirar ce ta hana su kashe kansu. Kaɗaici ciwo ne, kuma akwai gidajen da yarinya ba ta da wanda za ta buɗe wa ciki. Sai dai a watan Fabrairun wannan shekarar ta 2024, a jihar Florida ta Amurka, wani yaro ɗan shekara 14 ya kashe kansa bayan ya shafe watanni yana soyayya da wata budurwar ƙarya a Character.AI, ya janye daga abokai da wasanni, iyayensa ba su san zurfin abin ba. Mahaifiyarsa ta kai kamfanin kotu a watan Oktoba na shekarar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. In zuciyarki ta kai inda kike tunanin cutar da kanki, wannan maganar ta wuce waya, ta yaya ce ko gwaggo ko malamar Islamiyya ko likita, wanda zai iya tasowa ya zo inda kike.

Hukumomin can sun fara farkawa. Italiya ta ci kamfanin Replika tarar yuro miliyan 5 a 2025, shi kuma Character.AI ya hana 'yan ƙasa da shekara 18 irin wannan sakakkiyar hira tun watan Nuwamba na 2025. Amma manhajojin suna da yawa kamar jamfa a Jos, kuma da dama cikinsu iyakar tantancewarsu su ce ki rubuta shekarar haihuwarki, kowa kuwa ya iya rage lissafi ya ƙara. Ku yayye mata, wayar da ƙanwarki 'yar aji biyu ke ara da daddare da sunan aikin makaranta, in ta dawo da ita ki duba abin da aka sauke a ciki, ki kuma zaunar da ita ku yi hira ba tare da tsawa ba.