Mai Aikin Taga da Rajistar Ƙarya: Hukuncin Shari'a da na Dokar Ƙasa

Tun bayan sulhun da ya kai ga sake buɗe kasuwar dabbobi ta Birnin Gwari a watan Nuwambar 2024, hankalin magidanta da dama ya koma kan gyaran muhalli. A Magajin Gari da sauran unguwannin garin, wanda ya yi shekaru yana kwana da ido ɗaya ya san cewa taga ba ado ba ce kawai. Ita ce tsakanin iyalinsa da ɓarawo, da sauro, da ruwan damina. Saboda haka idan mai aikin alminiyam ko mai walda ya ce masa, "Alhaji, kwantar da hankalinka, ni mai rajista ne da gwamnati," wannan magana tana da nauyi, domin a kanta ake miƙa kuɗin kafin alƙalami. To, mene ne hukuncin wanda ya faɗi haka alhali ƙarya yake yi?

Da farko ya kamata a rarrabe takardun. Rajistar Hukumar CAC shaida ce cewa an yi wa sunan kasuwanci rajista, amma ba ta nuna cewa mai shagon ya iya aiki. Takardar da ke magana a kan ƙwarewa ita ce ta gwajin sana'a da Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ke bayarwa a matakai uku, ko ta hukumar jarrabawa ta NABTEB. Mai yaudara yakan fake da rashin sanin wannan bambanci: ya liƙa lambar da ba tasa ba a allon shago, ko ya nuna takardar maigidansa da bai gama yaye shi ba.

A Musulunci wannan algus ne. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa, ya tarar da jiƙaƙƙe a ɓoye a ƙasa, sai ya bayyana cewa mai algus ba ya cikinmu. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar (RA) cewa ya kamanta mai nuna yana da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sanya tufafi biyu na ƙarya. Hatimin da ba a ba mutum ba, ya buga shi a kan rasit ɗinsa, yana cikin wannan gargaɗi kai tsaye.

Al'amarin bai tsaya ga zunubi ba, akwai hakki na dukiya. Malaman fiƙihu sun tabbatar wa wanda aka yaudara zaɓi tsakanin ci gaba da ciniki da warware shi. A hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah suka ruwaito, an ɗora lamuni a kan wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, kuma malamai sun yi ƙiyasin sauran sana'o'i a kansa. Mazhabar Malikiyya ma ta ƙara tsanantawa. A Mudawwana akwai babi sukutum a kan lamunin masu sana'a, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ɗalibai ke karantawa a zaurukanmu, ta bayyana cewa mai sana'a shi ke lamunce kayan da ya tafi da su, ko da lada ya yi aikin ko kyauta. Idan wannan ne hukuncin gwani mai gaskiya da gilashin mutane ya salwanta a hannunsa ba tare da shaidar da za ta wanke shi ba, ina ga wanda ya karɓi aikin da ƙarya tun farko?

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga tantance masu sana'a. Sarautun Sarkin Maƙera da Sarkin Magina sun kasance hanyar sanin wanda ya ƙware da kuma ladabtar da wanda ya ci amana. Laƙabin Babban Gwani, na maginin da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, aikin hannunsa ne ya jawo masa shi. Ingila ma ta bi irin wannan hanya a zamanance: a 2002 aka kafa tsarin FENSA na yi wa masu sanya tagogi rajista, kuma yin amfani da tambarinsa ba da izini ba laifi ne da kotu ke iya yanke wa tara ko ɗauri.

A Nijeriya, dokar kare hakkin masu saye ta 2018, wadda ta kafa Hukumar FCCPC, ta haramta wa mai sana'a yin bayanin ƙarya a kan aikinsa ko amincewar da wata hukuma ta yi masa. Kundin laifuffuka na Jihar Kaduna na 2017 ya tanadi hukunci a kan zamba. Mafi tsanani ita ce dokar hana damfara ta 2006, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda aka samu da karɓar dukiya ta hanyar ƙarya da niyyar damfara. Ban da haka, magidanci yana da ikon kai ƙara kotun shari'a ko ta majistare domin neman kuɗinsa da asararsa.

Sai dai kada a fahimci cewa rashin takarda aibi ne. Akwai gwanaye da yawa da suka koyi aiki shekara da shekaru a hannun iyayen gidansu, ba su taɓa zama jarrabawa ba. Wanda ya ce, "Ba ni da takarda, amma ga gidajen da na yi wa aiki, je ka gani," cinikinsa halal ne. Laifin yana ga ƙaryar.

Shi kuma magidanci ya yi nasa ƙoƙarin. Ya bincika lambar rajista a shafin intanet na CAC, ya tambayi wanda ya yaye mai sana'ar, ya je ya duba tsohon aikinsa. Sannan a rubuta yarjejeniya gaban shaidu: kaurin alminiyam, nau'in gilashi, adadin tagogi, farashi da ranar kammalawa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Allah Ya tsarkake mana abin da muke ci, Ya sanya albarka a sana'o'inmu.