Me ya kamata ɗan ninkaya ya ci kafin atisayen asuba?

Ana yawan jin cewa zakarun ninkaya kan faɗa ruwa tun ƙarfe 5 ko 6 na safe. To, da me suke karya kumallo?

Masu horarwa na ba da shawarar ɗan abin taɓawa ne mai ba da ƙarfi da wuri, wanda ake ci minti 30 zuwa 60 kafin shiga ruwa. Dalili kuwa shi ne hanta na ajiye sukari a matsayin gilaikojin, kuma cikin dare jiki kan cinye kaso mai yawa na ajiyar. Wanda ya shiga ruwa da yunwa yana iya jin jiri, hannuwa su yi masa nauyi tun bai yi nisa ba.

Ayaba ɗaya ta wadatar, ko dabino kaɗan, ko yankan burodi da zuma, ko ƙaramin kofin koko. Soyayyen abu, wake da nama kuwa a bar su sai an fito, domin suna daɗewa a ciki, ga shi mai ninkaya a kwance yake, abinci na iya taso masa. Ruwan sha ma dole ne, don ana zufa a cikin ruwa ba tare da an lura ba.

Mai ɗan iyo na minti 20 zai iya wadatuwa da ruwan sha kawai. Wanda zai haura awa guda, da yara masu tasowa, bai kamata su shiga da ciki wayam ba. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ya fara tuntuɓar likitansa, saboda sukarinsa na iya faɗuwa yana tsakiyar ruwa.