Yadda yawan taki ke ƙona furen jeraniyom, da hanyar farfaɗo da shi

Sau da yawa mai furen jeraniyom kan wayi gari ya tarar ganyen ya yi yaushi, gefensa ya bushe kamar an babbaka, alhali ƙasar tukunyar a jiƙe take. Sai ya ɗauka yunwa ce, ya ƙara barbaɗa taki. Galibi kuwa takin ne ya jawo cutar tun farko.

Takin zamani irin su NPK 15-15-15 sinadaran gishiri ne masu narkewa a ruwa. A gona, ruwan sama kan wanke rarar zuwa can ƙarƙashin ƙasa, amma a tukunya ba ta da wurin zuwa sai ta taru. Da zarar gishirin ƙasar ya fi na cikin saiwa ƙarfi, saiwar ba ta iya zuƙar ruwa, har ma nata ruwan ya riƙa tsiyayewa, kamar yadda gishiri ke tsotse ruwan ɗanyen nama. Shukar na tsaye cikin laima, tana mutuwa da ƙishirwa. Alamar da ke tona asirin ita ce farin ɓawo mai kama da kanwa a saman ƙasar ko a bakin tukunyar. Ɗanyen kashin kaji ma, da wasu ke ganin ba shi da illa tunda ba na buhu ba ne, yana irin wannan ƙunar.

Asalin furen daga Afirka ta Kudu ne, inda Turawa suka kai shi ƙasashensu a ƙarni na 17, kuma ya gaji juriyar fari daga can. Ya fi yafe wa mai mantuwa a kan mai zaƙewa. Rabin ma'aunin da aka rubuta a jikin kwalin, a narkar a ruwa duk mako 2 lokacin da yake toho, ya wadatar, kuma sai an fara jiƙa ƙasar. Idan naitirojin ya yi yawa, ganye zai yi luf-luf amma fure ya ƙi fitowa. A wuri mai sanyi kamar Jos yana daɗewa yana girma, amma a zafin bazarar Kano ko Sakkwato girmansa kan tsaya, don haka takin da aka ba shi a lokacin taruwa kawai yake yi.

Idan ɓarnar ta riga ta auku, a kankare farin ɓawon, a tsince ƙwayoyin takin da ba su narke ba. Sannan a kwarara ruwa a hankali, kimanin cikin tukunyar 3, yana fita ta hujin gindinta. Tukunyar da ba ta da huji ba ta wankuwa, dole a sauya ta. A cire ganyen da ya ƙone, a mayar da shukar inuwa mai haske, a bar saman ƙasar ya bushe kafin a sake ban ruwa, domin jeraniyom ba ya jure kwana cikin caɓi.

Idan bayan kwanaki bai miƙe ba, a zare shi a duba saiwar. Mai lafiya fara ce mai ƙwari, wadda ta yi baƙi ta yi laushi kuwa a datse ta, a dasa shukar a sabuwar ƙasa mai yashi. Kada ta ga taki sai bayan mako 4 zuwa 6, lokacin da sabon toho ya bayyana. In gindin ya ruɓe, a yanki reshe mai lafiya, a bar bakin yankan ya sha iska na 'yan sa'o'i, a kafa shi a yashi mai laima. Cikin makonni kaɗan yakan yi saiwa.