Ƙafar yaro ta yi baka: yaushe za a kai shi likita?

A Ɗan Barto, kamar sauran garuruwan ƙasar Matamaye, uwa takan tsorata in ta ga ƙafafun ɗanta sun lanƙwashe. Wasu su ce goyo ne ya jawo, wasu su ce saurin tsayuwa ne. Har akan kai yaro wajen mai ɗori, ko a yi masa sakiya. Sau da yawa kuwa yaron lafiyarsa lau.

Jariri da ƙafar baka ake haifuwarsa. In ya kai shekara 1 da rabi zuwa 2, sai ta miƙe. Daga nan gwiwoyi su fara haɗewa, ya yi ɗan gwame, ya fi yawa wajen shekara 3 zuwa 4. Kafin shekara 7 ya ragu da kansa, ba ɗauri, ba magani. Likitocin ƙasar Finlanda sun auna yara sun nuna haka a 1975. A Indiya ma an auna, sai dai can gwamen yakan kai shekara 5 ko 6 kafin ya fara raguwa. Goyo ba ruwansa.

Amma akwai lanƙwasar da ciwo ce. A duba da kyau. In ƙafa ɗaya kaɗai ta karkace, ko baka bai miƙe ba har shekara 3, a tafi likita. Haka in yaro ya tsaya gwiwoyi haɗe, amma tsakanin idon sawunsa ya wuce faɗin yatsu 4 na babban mutum. Haka in wuyan hannunsa ya yi kauri, yana kukan ƙafa, ko ya daɗe bai yi tafiya ba. Wannan yana iya zama taushin ƙashi. In abin ya fi ƙarfin likitar gari, za a tura shi asibitin Matamaye ko na Damagaram.

A nan rana ba ta yi kaɗan ba, abinci ne ke gazawa. A 1999 likitocin Jos, a Najeriya, sun nuna cewa rashin kalsiyom, abin da ke gina ƙashi, shi ke kawo ciwon ga yaran can. Da aka ba su shi, ƙashin da yawansu ya warke. Gero da dawa ba su da kalsiyom sosai. Nono yana da shi, haka kuka, zogale da ƙananan kifi in an daka su da ƙayarsu. Makiyayi, kafin a kai ƙwaryar nono kasuwa, a ɗibar wa yaron da aka yaye nasa rabo.