Mabuɗi Ɗaya, Ƙofofi Ɗari

Da yawa daga cikinmu ɗalibai mukan ari wayar iyayenmu mu duba Wikipedia ta Hausa idan malam ya ba da aikin gida. Amma kaɗan ne suka san abin da ke riƙe da ita. Shi ne nake so in bayyana wa 'yan'uwana da iyayenmu a taƙaice.

An kafa Wikipedia ran 15 ga Janairu, 2001, yanzu kuwa tana da sassa a harsuna fiye da 300. Manhajar da ke tafiyar da ita sunanta MediaWiki, kuma buɗaɗɗiya ce. Wato ba a ɓoye rubutun umarnin da aka gina ta da shi ba, kowa na iya karanta shi, ya kuma kawo gyara, ko daga Jamus yake ko daga Tudun Jukun.

A da, kowane sashe da rajistarsa. Wanda ya yi rajista a na Turanci, in ya je na Larabci sai ya sake wata, har ma ya tarar wani ya riga shi ɗaukar sunansa. A 2008 aka fara tsarin shiga da mabuɗi ɗaya, aka kammala haɗe sunayen duka a 2015. Yau suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya sun isa mutum ya yi rubutu a sashen Hausa, da na Fulatanci, da ma'ajiyar hotuna ta Commons.

Sauƙi ne babba, amma da hatsarinsa. Maigidan da ya mai da makullan ɗakunansa da na rumbunsa mabuɗi ɗaya ya huta da ɗaukar tarin mabuɗai, sai dai ran da ɓarawo ya sami wannan ɗayan, gidan duka ya zama nasa. Haka nan kuskuren layi ɗaya a manhajar shiga yana iya buɗe asirin miliyoyin mutane.

To, yaya ake tsare wannan? Mu mutanen Zariya ba baƙon abu ba ne gare mu. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, kuma duk wanda ya san aikin ɗab'i ya san ba a sa shafi a inji sai mai duba kurakurai ya bi shi baƙi da baƙi. Masu MediaWiki ma haka suke yi. Tun 2012 suke aiki da wani dandali mai suna Gerrit. Mai gyara zai aika da gyaransa can, kwamfuta ta gwada shi, sannan mutane su karanta. Wanda ya gamsu ya ba da +1, wanda ya ga aibi ya ba da -1 ya faɗi dalili. Gyara ba ya shiga sai wani amintacce ya ba shi +2, kuma ƙa'ida ta hana mutum ya ba nasa aikin. Bayan haka ma a hankali ake sakin sabon abu, daga Talata zuwa Alhamis, a fara da ƙananan shafuka.

Duk da haka, duban ganin ido ba ya wadatarwa. A ƙarshen 2011 an shigar da wani gyara cikin OpenSSL, wata buɗaɗɗiyar manhaja mai tsare sirrin intanet. Mutum ɗaya ne ya duba shi, bai lura da wani ɗan kuskure ba. Sai a Afrilun 2014 aka gano shi, aka sa masa suna Heartbleed. Ta wannan kafa ɓarawo na iya kwasar kalmomin sirri daga dubban ɗaruruwan shafuka. Wikipedia kanta sai da ta fitar da kowa daga ciki, ta shawarci jama'a su sake kalmar sirri. Ashe buɗe rubutu ga kowa ba shi ne karanta shi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu ma da namu rabon. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Adireshin Gmail da aka buɗe wa Baba a shagon waya shi ma mabuɗi ɗaya ne, don da shi ake shiga wurare da yawa. Kada a bar kalmar sirrinsa a hannun mai shago, kada a yi ta da shekarar haihuwa, kada kuma a maimaita ta a wani wuri. A kunna tsarin da ke neman lamba ta biyu daga waya.

Ku kuma 'yan'uwana masu sha'awar kwamfuta, ku saba tun yanzu da miƙa aikinku ga wani ya duba, kuna masu haƙuri da gyara. In ku aka ba dubawa, ku karanta tsakani da Allah, domin amanar mutanen da ba ku taɓa gani ba ce a hannunku. Allah ya sa mu dace, amin.